Datti Direban Katafila

Ranar da Malam Datti ya rasu, kafin a idar da sallar azahar labari ya zaga Unguwar Dosa. Matarsa Rahmatu tana zaune a kan tabarma a ɗakinta, mata sun kewaye ta, sai ta jiyo wasu mutum biyu suna magana a lungun da ya bi ta bayan tagarta. Ɗaya ya ce an yi rasuwa a gidan nan, Malam Datti ne Allah Ya yi wa cikawa. Ɗayan ya ce wane Dattin? Na farkon ya rage murya, amma ba ragewar da za ta hana a ji ba, ya ce, "Datti Rusau mana."

Duk matan da ke ɗakin sun ji. Wata ta ƙirƙiro tari, wata ta shiga gyaran mayafin da ba abin da ya same shi. Rahmatu ta sunkuyar da kai. Tun safe take kuka, amma kalmar nan ta tsayar mata da hawaye cak, ta bar ta da wani zafi a fuska kamar an mare ta a gaban baƙi. Mutum ya yi shekara talatin da 'yan kai yana gyara wa gari hanya, ga shi za a kai shi makwancinsa da sunan aikin da ya yi a yini guda.

Shi Datti asalinsa mutumin ƙasar Soba ne, ɗan manoma. Yana saurayi ya shigo Kaduna cin rani, bai san kowa ba, ba shi da komai sai riga biyu a cikin buhu. Yana yawon neman aikin ƙarfi ya faɗa Kurmin Mashi, lokacin unguwar rabi gidaje ce rabi gonaki. Wani tela da ake kira Bala, mai shago a jikin zauren gidansa, ya ga yaro ya zauna a inuwar shagon tun hantsi bai ci komai ba, kuma bai roƙi kowa ba. Ya tambaye shi daga ina, ya faɗa. Ya tambaye shi ina zai kwana, ashe ba shi da wuri. Tun daga ranar Datti ya riƙa shimfiɗa tabarma a tsakanin keken ɗinki da tarin yadudduka, matar Bala kuma, Uwani, ta ƙara kwano ɗaya a cikin kwanukan da take zuba tuwo. Ba ta taɓa tambaya har yaushe ba.

Cikin masu kawo wa Bala ɗinki akwai wani shugaban leburori a ma'aikatar da ke kula da tituna da magudanan ruwa na gari. Bala ya yi ta yi masa naci har ya ɗauki Datti lebura. Aikin farko da aka ba shi dafa kwalta ne a cikin durom, a bakin titi, rana na dukan ka wuta na dukan gaba. Tabon da kwalta ta yi masa a damtse da bayan hannu da shi ya koma ga Allah. Daga baya aka mayar da shi yadin da ake ajiye manyan motoci, yana wanke su yana shafa musu giris. Wani tsohon direba mai suna Zakari ya lura da yadda yake tsayawa yana kallon hannunsa in yana tuƙi, sai ya fara ɗora shi a kan kujera in an tashi aiki. Ba a yi shekaru masu yawa ba aka damƙa masa gireda, motar nan mai doguwar wuƙa a ciki da ke share hanya tana daidaita ta, daga baya kuma katafila.

Da ya tashi aure, Bala ne ya shige gaba har ƙauyen su Rahmatu, shi ya karɓa masa auren. Uwani ce ta tarbi amarya, ta buɗe mata ɗakin da ke kusa da nata. Rahmatu tana 'yar shekara goma sha tara, ba ta taɓa ganin gari ba, ko risho ba ta iya kunnawa ba. Uwani ta koya mata cefanen birni, ta koya mata yadda ake magana da mai ruwa da mai gawayi ba a cuce ta ba. Haihuwarta ta fari a hannun Uwani ta sauka, ita ta dafa mata ruwan jego har ta yi arba'in. Rahmatu kuwa Yaya take kiranta, kuma ba kara ba ce, don ko 'yar'uwarta ta ciki ɗaya ba ta yi mata rabin haka ba. Sai da suka haifi Samira, ta biyu, sannan Datti ya sami fili a Unguwar Dosa ya fara gini ɗaki-ɗaki suka tashi. Ranar tashin Uwani ta yi fushi kamar gaske, ta ce an raba ta da 'ya'yanta.

Datti ba mai yawan magana ba ne. Ya dawo gida yana warin baƙin mai, ya yi wanka, ya zauna da rediyonsa, shi ke nan. Amma a hau mota da shi a ji baki. Duk inda aka gifta sai ya taɓa Rahmatu ya ce wannan kwalbatin su suka zuba shi shekarar da aka yaye Samira, wancan titin da can rami ne da ke cinye tayar tifa. Tun tana cewa to har ta koma yi masa dariya, ta ce sai ka ce gonar gado yake nuna mata. In zai tafi masallacin Juma'a da fararen kaya ya ga leda ta toshe bakin kwata, sai ya naɗe hannun riga ya tsuguna ya zaro ta. Sau nawa ta wanke masa shadda tana mita.

Mutane kuwa suna ƙaunarsa a wancan zamani. In damina ta cinye hanya a Malali ko a Unguwar Dosa, sai ka ga dattawan layi sun yi sallama a ƙofar gidansa. Yakan ce musu, "Motar ba tawa ba ce, ta hukuma ce." Amma washegari zai je ya tsaya a ƙofar ofishin injiniya da hula a hannu, ya yi ta roƙo har a sa layin a cikin aikin mako. Ranar da gireda ta shigo unguwa kamar ranar biki ce. Mata su aiko da kunu da fura, maza su fito su tsaya suna nuna masa inda ruwa ke kwanciya, kamar bai gani ba. Shekarar da hanyar makabarta ta yanke, har masu ɗaukar gawa suna tuɓe takalma su ratsa taɓo, shi ya gyara ta ranar hutunsa. Datti Mai Gireda ake ce masa a lokacin, Rahmatu kuma in ta shiga gidan suna sai a matsa mata wuri.

Saura kaɗan ya yi ritaya aka yi wata damina mai ƙarfi. Ruwa ya taso ta Kurmin Mashi ya rasa hanyar wucewa, don an cike tsohuwar hanyarsa da gine-gine, sai ya afka gidajen da ke gangare. Katangu suka zube, awaki suka tafi, mutane suka kwana a makaranta. Bayan ruwa ya janye hukuma ta aiko ma'aikata suka auna, suka bi duk ginin da ya hau hanyar ruwa suka shafa masa jan fenti. Fentin ya hau shagon Bala, da zaurensa, da ɗakin Uwani.

Datti da Rahmatu sun je jaje a makon. Bala, wanda a lokacin gemunsa ya yi fari fat, ya ce shi da ya sayi filin nan daji ne, ba wanda ya ce masa ruwa na da hanya a nan. Uwani ta dubi Datti ta ce, "Ai muna da kai a ciki. Ka yi musu magana mana." Datti ya ce zai yi. Ya kuma yi, ya bi ofis-ofis, aka ce masa wannan magana ta fi ƙarfin direba. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, ba a zo ba, har mutanen layin suka fara cewa an manta da su.

Wata Talata ya dawo gida bayan la'asar, bai kunna rediyo ba. Rahmatu ta ajiye masa abinci, ya buɗe ya rufe.

Ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Gobe za a shiga Kurmin Mashi."

"Su wa za su shiga?"

"Ni aka ba."

Ta zauna a bakin gado. Ya ce ɗaya katafilar ta lalace, direbanta kuma ba ya taɓa tasa. Ya ce ya roƙa a canza shi, ya gaya wa oga cewa gidan ubangidansa na ciki, oga ya ce kowa a garin nan yana da ubangida.

Ta ce, "Ka ce ba ka da lafiya."

"Ban taɓa yi musu ƙarya ba."

"To ka fara gobe."

Ya daɗe yana murza tabon hannunsa kafin ya ce, "In ban je ba ɗan kwangila za su ɗauko. Shi bai san gidan ba. Zai kwashe har ɗakunan baya, ya tafi abinsa. Ni na san inda zan tsaya."

Gaskiya ya faɗa, ta sani. Amma akwai wata gaskiyar da bai faɗa ba, ita ma ba ta faɗa ba: ritaya ta matso, ƙin umarni a irin wannan lokaci yana iya sa mutum ya fita ba fansho, ga yara biyu a makaranta. Tunanin ya zo mata, ta kore shi, ya dawo ya zauna. Shi ya rufe mata baki. Kafin magariba ta ɗauki mayafi ta ce bari ta je ta gaya wa Yaya, ko sa kwashe kaya. Datti bai hana ta ba. Ta kai bakin titi, har mai Keke Napep ya tsaya yana tambayarta ina za ta, sai ta hango kanta tsaye a gaban Uwani tana cewa gobe mijina zai zo ya rushe miki ɗaki. Ta ce wa mai keken ya tafi. Ta koma gida ta ce ba ta sami abin hawa ba.

Ba ta je wurin ba washegari, amma ba abin da ya wuce ta, don wani ya ɗauka a waya kuma kafin yamma ya shiga kowane gida. Sau ɗaya ta kalla, a wayar wata maƙwabciya. Ga katafila ta shigo layin, 'yan sanda a gefe da gefe, mutane na ta fitar da katifu da buhuna a guje. Ga Datti a sama, ya jawo hula har gira. Ya rushe shago biyu na farko, ya iso na Bala. Sai ga Uwani ta fito daga zaure da tukunya a hannu, ɗankwalinta ya zame, ta ɗaga kai ta kalli wanda ke kan motar. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Datti? Kai ne?"

Ya kashe injin. Wani ɗan sanda ya buga jikin motar ya ce a ci gaba. Bala ya fito, an riga an fitar masa da keken ɗinki an ajiye a tsakiyar layi, ya kama hannun matarsa ya ja ta gefe. Ya ce, "Rabu da shi, aiko shi aka yi." Sannan ya ɗaga wa Datti hannu ya ce, "Yi aikinka."

Ya yi. A hankali ya yi, kamar mai yankan yadi, ya bi layin fentin bai ƙetare ko taku ɗaya ba. Shagon da ya kwana a ciki yana saurayi ya tafi, zauren ya tafi, ɗakin Uwani ya tafi da rabin kayan da ke ciki. Ɗakuna biyu na baya suka tsira ko tsagewa ba su yi ba. Sai dai gida ba katanga, ba banɗaki, ƙofar ɗaki na kallon titi, ba gida ba ne. Ba a rufa wata biyu ba Bala da Uwani suka koma Rigasa wurin babban ɗansu Shamsuddeen.

Ba a san wanda ya fara laƙaba wa Datti Rusau ba. Abin ya fara da raɗa, ya koma barkwanci, ya zama suna. Ɗansa Abdurrahim ya dawo gida da fasasshen leɓe saboda shi. Datti ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, in an sallame sai ya ɗauki takalmansa ya wuce kai a ƙasa. Samira, wadda a lokacin ta fara koyarwa, ta zaunar da shi ta ce, "Baba, aiki ne fa. Ba kai ka shafa fentin ba." Ya ce, "Na sani."

Abin da ya fi nauyi, Bala bai yi fushi ba. Da ya yi fushi ma da an san inda za a fara. Tun Datti na lebura, duk sallah Bala ke ɗinka masa kaftani, kuma da ƙaramar sallah ta zagayo sai ga Shamsuddeen da ƙunshi, ya ce Baba na gaishe shi, ya ce a gwada a gani ko wuyan ya yi. Datti ya karɓa da hannu biyu, ya kasa ɗaga ido ya dubi yaron da aka haifa a gabansa. Bai sa kaftanin ba. Da tsohuwar riga ya je idi. Rahmatu ta ce ya kamata ya je ya yi godiya, ya ce zai je. Ya je ɗin, wata Asabar, har ya gano layin. Da ya dawo ta tambaye shi yadda ya same su. Ya ce ya kai ƙofar gidan, ya jiyo ƙarar keken ɗinki daga ciki, sai ya ga ba zai iya yin sallama ba.

Ba ta yi masa faɗa ba, don ita ba ta fi shi ba. An yi wani biki a Malali, tana tsakar gida ana rabon abinci, sai ta jiyo muryar Uwani a zaure tana gaisawa da mutane. Ba ta san lokacin da ta faɗa madafa ba. Ta tsaya a bayan ƙyaure cikin hayaƙi, mace mai jikoki, tana leƙe ta kafar ƙofa kamar ɓarauniya. Da Uwani ta shiga ɗakin uwar amarya, sai ta zura silifas ɗin da ta fara samu, ba ma nata ba, ta fice ta ƙofar baya. A hanya ta yi ta jin kamar kowa ya san abin da ta yi. Ko Datti ba ta gaya wa ba.

Ranar da ya yi ritaya an yi ɗan taro a yadi, an ba shi agogon bango da darduma, injiniya ya ce ba a taɓa samun direba mai biyayya kamarsa ba. Abokan aiki suka yi tafi. Ya dawo gida ya tura agogon ƙarƙashin gado a cikin kwalinsa. Bayan 'yan kwanaki ya sayo baro da shebur. Kullum in ya karya kumallo sai ya fita ya bi kwatocin Unguwar Dosa yana yashewa, layi bayan layi, in ya gama ya koma farko. Ramin da ya gani a hanya sai ya nemo ɓaraguzai ya cike. Wasu suka ce biyansa ake yi, wasu suka ce zaman gida ne ya taɓa masa kai. 'Ya'yansa suka yi ta roƙonsa ya bari, suna cewa yana sa ana ganin kamar sun kasa riƙe shi. Ya ce jikinsa ne bai saba da zama ba.

Ruwa kuwa bai sake cin gangaren Kurmin Mashi ba, don an gina babbar magudana a inda aka yi rusau. Wata rana wani mutumin gangaren ya gane shi a masallaci, ya riƙe hannunsa a gaban jama'a yana sa masa albarka, ya ce albarkacin aikinsu yanzu suna barci in hadari ya haɗu. Datti ya zare hannunsa ya fita ko addu'a bai tsaya ba. Ya ce wa Rahmatu gara a zage shi.

Haka aka tafi har Bala ya rasu. Datti ya je jana'iza ya tsaya a sahun ƙarshe, a makabarta ma ya laɓe a bayan mutane. Shamsuddeen ne ya hango shi, ya ratso taro ya kamo hannunsa ya ce, "Baba Datti, matso ka sa hannu." Suka saukar da shi tare. Ana cikin mayar da ƙasa yaron ya ce masa, ba da nufin komai ba, "Ya yi ta tambayarka da yana kwance. Kullum sai ya ce ko ka zo."

Da ya dawo gida ƙafafunsa duk jar ƙasa, ya zauna a dokin ƙofa bai wanke ba. Rahmatu ta kawo masa buta. Ya ce, "Gidan nan aiko ni aka yi na rushe. Rashin zuwan nan fa, wa ya aiko ni?" Ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ita kuma ta je ta'aziyya ranar uku, amma cikin ayarin matan unguwa ta shiga, ta zauna can baya, ta yi gaisuwa a cikin muryoyin mutane. Uwani ta ɗago ta dube ta, ita ta kalli tabarma. Da ayarin ya miƙe ta riga kowa fita.

Bai yi shekara biyu a bayan Bala ba. Hawan jini ya kayar da shi a bakin wata kwata da shebur a hannu, ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi 'yan watanni a kwance, Allah Ya karɓi abinsa. An yi masa jana'iza mai jama'a. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo, har da waɗanda ke dogara sanda, dattawan Malali sun zo, masu shagunan layin da yake yashe wa kwata sun rufe shaguna sun bi gawa.

Ranar uku da hantsi, ɗakin Rahmatu cike da mata, aka yi sallama da wata murya da ta sani sarai. Uwani ce, ta tsufa ƙwarai, jikarta na riƙe da hannunta. Ba madafar da za a gudu yau. Mai takaba ba ta da inda za ta.

Uwani ta ratsa mata har gabanta ta ce, "Matsa min." Ta zauna da ƙyar tana dafa bango. Ta yi gaisuwa yadda ake yi, ta yi wa mamaci addu'a mai tsawo, aka shafa. Rahmatu na amsawa, idonta na kan yatsun ƙafarta. Da azahar ta yi mata suka ragu, sai Uwani ta sallami jikarta waje.

Ta ce, "Ke, ɗago ki dube ni."

Rahmatu ta ɗago, ta sake sunkuyawa.

"Ba zan ɓoye miki ba, na zage shi. Na kai ƙararsa wurin Allah ba sau ɗaya ba. Maigidana ya yi ta hana ni, ban hanu ba, sai da na gaji don kaina. Ɗakin nan har gobe yana yi min ciwo, a cikinsa na haifi 'ya'yana duka. Amma shi na san abin da ya yi min. Ke me na yi miki? Kina tsammani ban ga bayanki ba a bikin Malali?"

Rahmatu ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai, "Yaya."

Uwani ta kalle ta, irin kallon da take yi mata tun tana amarya in ta ɓoye wani abu. Ta ce, "Kin san za a zo, ko? Tun kafin ranar."

Rahmatu ta gyaɗa kai.

Tsohuwar ta juya fuska wajen ƙofa. Can ta ce, "Da kin zo da na fitar da kwallayen aurena. Na uwata ne." Ta share ido da gefen mayafi. "Shi dai na yafe masa duniya da lahira, Allah Ya sa ya huta. Ke kuwa ki bar ni tukuna."

Amma ba ta tafi ba. Ta yi sallah a ɗakin, ta leƙa tsakar gida ta yi wa masu girki faɗa sun cika wa miya ruwa, ta kira Samira ta tambaye ta yara nawa gare ta yanzu, ta ce ba kunya a ce ba ta san sunayensu ba. Sai bayan la'asar ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Gwiwoyina ba za su sake wannan tafiyar ba. In kin fita takaba, Shamsuddeen bai canza gida ba."

Watannin takaba Rahmatu ta yi su tana juya maganar nan. Wata rana ta ce za ta je, wata rana ta ce da wane ido. Da ta fita, ta yi mako guda tana neman dalili, yau ciwon kai gobe baƙi. Ranar wata Alhamis ta yi wanka, ta ƙulla kuka da daddawa a leda. Samira ta ce ta jira mijinta ya kai ta a mota, ta ce a'a, in ta jira ba za ta je ba.

Ta sami Uwani a tsakar gida, a inuwar katanga, da faifan wake a cinya tana tsince tsakuwa, tana kai shi kusa da ido don ganinta ya ragu. Rahmatu ta yi sallama, ta durƙusa daga nesa ta gaishe ta. Uwani ta amsa ba ta saki fuska ba, ta tambayi yara, ta tambayi hanya. Rahmatu na nan durƙushe, ledar na hannunta, ta rasa yadda za ta miƙa.

Uwani ta ce, "Za ki yini a nan kamar baƙuwa? Jawo kujera. Waken nan tun safe nake fama da shi, duk ƙwari ne."

Rahmatu ta jawo 'yar kujera ta zauna, ta karɓi faifan. Har aka kira azahar ba ta iya haɗa ido da ita ba, amma ta tsince waken tas, ta tashi ta wanke, ta tambayi inda tukunya take.